Shekarar da Muka Yi wa Filin Ƙwallo Daɓe

Ƙarshen bazara ne, lokacin da hadari kan taso daga gabas kullum da la'asar, ya yi baƙi ƙirin a kan tuddan rairayi, sannan ya watse bai zubar da ko ɗigo ba. Shekarar duka haka take a wurina. Abu yana rataye a sama, kowa yana kallonsa, ba mai cewa komai. Malaman lakwal suna yajin aiki, azuzuwa a rufe, ma'aikata suna jiran albashin da ba ya zuwa, kuma tun da darajar kuɗinmu na sefa ta faɗi manya suka koma magana ƙasa-ƙasa a zaure. Ina da shekara goma sha biyu ko sha uku. Har yau, in na wuce gidan da aka jiƙa bagaruwa, warin nan mai ɗaci ya bugi hancina, sai in ji ni a garinmu Gure na wancan lokaci, laka ta bushe a ƙafata.

Bari in fara gaya muku yadda aka yi muka samu ƙungiyar ƙwallo, don ba kowa ya san asalinta ba, har 'yan matan da ke bugawa yanzu.

Matar baffana ce ta kawo mana wasan. Baffa yana da kanti a bakin kasuwa, ya auro ta daga can Najeriya, inda ta yi makarantar kwana ta 'yan mata. Mu dai Malama muke ce mata, saboda usur ɗin da take ratayawa a wuya. Ita ta sa maƙeri ya lanƙwasa ƙarfen tsohon tano, wato duro, ya yi zobe biyu, aka ɗaure kowanne a kan dogon itacen goruba. 'Yan wasa bakwai a nan, bakwai a can. Wadda ta kama ƙwallo ba ta tafiya da ita, sai ta tsaya cak ta jefa wa 'yar'uwarta, har a kai gindin itacen a saka ta cikin zobe. Malama tana da sunan da take kiran wasan da shi na makarantarsu, bakinmu ya ƙi ɗauka, muka sa masa ƙwallon zobe.

A tsakar gidanmu muka fara, ba mu ma cika bakwai ba. Ranar da ƙwallo ta fasa randar Inna aka koro mu bayan gida, wani fili da aka kewaye da zana. Da lakwal ta rufe kuwa, sai 'yan mata suka yi ta kwararowa. 'Ya'yan Barebarin unguwar gabas suka zo, suna zaginmu da yarensu muna rama musu da namu, ana dariya. 'Ya'yan ma'aikata suka zo da takalman roba. Har amare suna leƙowa ta ramin zana. Wata daga cikinmu mahaifinta ya koma garin Gidigir, ta je ta kafa tata ƙungiyar a can. Ana nan sai ga saƙo ta bakin direban motar kasuwa: 'yan Gidigir za su zo su gwada mu, amma kafin shuka ta kankama, don in damina ta zauna ba uban da zai saki 'yarsa daga gona.

Yayata ita ce mai saka mana ƙwallo a zobe. Doguwa ce, ba ta da yawan magana, in ta ɗaga hannu sama sai ka ga kamar ƙwallon ce ta san hanya da kanta. Ita ta fara cewa filinmu abin kunya ne. Rairayi ne zalla, ƙafa tana nutsewa, layin tokar da muke zubawa ba ya kai la'asar. Malama ta ce gaskiya ne, a makarantarsu a kan ƙasa mai tauri ake yi.

Kaka tana zaune a tabarmarta a gefen fili, ta ji. Ta ce, “Ƙasa mai tauri? Yo ai daɓe ke nan. Ku ja'iran nan ba ku san a gaban wa kuke magana ba?”

Kaka mahaifiyar babana ce, kuma ita ce uwar daɓen unguwarmu. Duk ɗakin amaryar da aka daɓe tun kafin a auro Inna, ita ta tsaya a kai. Kuma don tana zama a gefen filin nan kullum ne iyayenmu maza suka ƙyale mu muna tsalle. In wani dattijo ya yi gunaguni, sai a ce masa ai tsohuwa tana wurin. A inuwarta ƙungiyar take tsaye, duk mun san haka.

Wanda bai taɓa ganin daɓe ba, ga yadda yake: a shimfiɗa laka da tsakuwa, a yayyafa ruwan bagaruwa, mata su jeru a durƙushe da madaɓai suna duka tare, ana waƙa, har ƙasa ta yi sumul tana ƙyalli. Amma daɓen ɗaki ɗaya aka saba yi, ko tsakar gida. Ba a taɓa daɓe fili mai girman namu ba. Laka mai yawa yake ci, kuma a ƙasarmu ta rairayi laka ba a sama take ba.

A bakin kwarin da garkunanmu suke, bayan dabinai, akwai wani tudu mai tsawo. A gindinsa ramin laka yake. Shekara da shekaru mata suna haƙa ta gefe, suna bin laka tana shigewa ƙarƙashin tudun, har wurin ya zama kamar baki a buɗe, rairayi a samansa, saiwoyin goruba suna reto daga rufin. Ciki da sanyi, da duhu-duhu, da warin ƙasa. Kuma ramin yana da ƙa'idarsa. Ba mai shiga sai uwar daɓe ta zauna a kan wani tsohon kututturen dabino da ke fuskantar bakin, ta kafa ido a goshin tudun. Kafin ya rufta, in ji manya, rairayi yakan fara tsiyaya siriri kamar zare, ba ƙara, ba motsi. Ido kaɗai ke kama shi. Da ta gani sai ta ce a fito. Muryarta kaɗai ake bi, don yara sun sha yin ihun ƙarya su kori mutane su yi dariya. Wannan zama girma ne babba. Ita ake fara ba goro, ita ke cewa a fara, ita ke cewa a tashi.

To, a shekarar nan Kaka ba ta gani.

Ban san ranar da abin ya fara ba. Wani farin abu ne ya riƙa rufe ƙwayar idonta a hankali. Ta kan kira ni da sunan yayata. Ta kan zuba nono a gefen ƙwarya, Inna ta zo ta share ba ta ce uffan ba. Na taɓa ganin ta gai da turmi. A gefen fili kuma na lura guɗarta tana zuwa a makare, sai ta ji sauran sun yi ihu sannan ta rangaɗa tata. Amma cikin gida ta san kowane lungu da ƙafa, tana tafiya kai a miƙe, in ka gan ta ba za ka ce komai ba.

Kowa ya sani. Wa zai faɗa? Inna suruka ce, ko idon Kaka ba ta kallo. Babana ɗan fari ne, Kaka ba ta ko kama sunansa, maganarsu ba ta wuce gaisuwa daga bakin ƙofa. Malama baƙuwa ce a gidan. Matan unguwa kuma duk ita ta daɓe musu ɗaki, wasu ita ta karɓi haihuwarsu. Ka dubi irin wannan mace ka ce mata idonki ya mutu, sauka daga kututture? Ba a yi bakin da zai iya ba.

Sun dai gwada ta gefe. Malama ta ce ko a sa masu jakuna maza su haƙo mana.

Kaka ta ce, “A garinku maza ke daɓe? To a nan ba a yi.”

Inna ta roƙi wata maƙwabciyarmu ta riƙa raka Kaka, wai don hira. Ranar farko matar ta shimfiɗa zanenta a gefen kututturen ta zauna. Kaka ta tauna goronta, ta tofar, ta ce, “'Yar nan, tuwon mijinki wa zai tuƙa? Tashi ki tafi. Wurin nan ba ya ɗaukar mutum biyu.” Matar ta naɗe zanenta ta tafi, kunya ta rufe ta.

Haka muka fara haƙa. Kullum da hantsi mu tafi da dagi da kwanoni da jakin Baffa, Kaka a gaba tana bin hanyar da ta bi shekara da shekaru. Ta zauna, ta ce bismilla, mu shiga. Lakar baki-baki ta ƙare da wuri, sai muka riƙa shigewa ciki. In kana can ƙurya ka waiwayo, bakin ramin kamar farin faifai yake, Kaka a tsakiyarsa, fuskarta a ɗage tana duban sama, kamar mai gani. Wani lokaci ɗan rairayi ya faɗo maka a wuya, ka daskare, ka saurara, ba ka ji ta ce komai ba, ka ci gaba.

Da la'asar kuma daɓe. Wannan kam ya yi daɗi, ba zan ɓoye ba. Matan unguwa suka fito da madaɓansu, Barebari da Hausawa, aka jeru, Kaka tana ba da waƙa ana amsawa, ƙasa tana amsa duka har cikin ƙirji. Rabin fili ya yi sumul. Yayata ta buga ƙwallo a kai ta dawo mata hannu, muka yi ta ihu kamar mahaukata. Hadari yana can gabas yana kallonmu.

Wata rana muna dawowa daga rijiya ni da yayata, tuluna a kai, ta ce ba tare da ta dube ni ba, “Daga gobe ke za ki riƙa fitar da kwano. Kada in ƙara ganinki a ƙurya.”

Na ce, “Don me? Ni ma na iya dagi.”

Ta ce, “Ke dai kin cika gardama, kamar akuyar Baffa.” Muka yi 'yar tafiya. Sannan ta rage murya ta ce, “Kaka ba ta gani.”

Karo na farko ke nan da na ji an faɗa da baki. Sai da na waiwaya ko wani ya ji. Na ce to mu daina zuwa mana.

Ta ce, “In muka daina, me za mu ce mata? Ai mun faɗa ke nan. Saura rabi. Mu gama kawai.”

Ruwan farko ya sauka ana saura 'yan kwanaki 'yan Gidigir su zo. Da la'asar ya zo, da iska, ya yi kamar da bakin ƙwarya, ya ɗauke. Gari ya yi sanyi, ƙasa ta yi ƙanshi, maza suka fara gyaran sungumi. Da safe Inna ta tsaya a bakin ɗakin Kaka, ta durƙusa, ta ce a hankali, “Iya, ko a bari tudu ya sha iska yau?” Kaka ta ce ruwa ɗaya ba ya shiga tudu, ita ta san tudun nan tun Inna ba ta yi haƙori ba, kuma in an bari gobe kowa yana gona. Inna ta ce to. Ta bi mu da ido har muka fita zaure, hannunta a kan baki.

Ran nan tudun ya canza kala, ya yi duhu, ya yi nauyi a ido. Saiwoyin rufin suna ɗiga. Ba wadda ta yi waƙa. Ana jin dagi yana cin laka, tsuf, tsuf, da kukan kurciya a cikin dabinai. Yayata tana can ƙurya tare da wata ƙaramar yarinya 'yar Barebari mai cika mata kwano, wasu uku suna tsakiya, ni ina kai da kawowa.

Na fito da kwano na juye a mangalar jaki. Da na juyo sai na gan shi. Zare ɗaya, siriri, yana saukowa daga goshin tudun daidai kan bakin ramin. Kusa da shi wani ya fara. Ba ƙara ko kaɗan. Kuma ga Kaka a kan kututture, fuskarta tana duban wurin sak, tana tauna goro, hankalinta kwance.

Na ƙwala ihu na ce su fito.

Na ga sun ɗago kai a cikin duhu. Ba su fito ba. Kaka suka duba, don haka aka koya mana. Kaka ta juyo wajen muryata ta ce, “Wace ja'ira ce ke mana ihu a bakin rami?”

Na ce, “Kaka, yana zuba! Wallahi yana zuba!”

Na ga goron ya tsaya a bakinta. Sannan ta miƙe tsaye ta yi wata irin ƙara da ban taɓa jin ta yi ba: “Ku fito! Ku fito, 'ya'yan nan!”

Ukun tsakiya suka fito a guje. Yayata ta sunkuci ƙaramar ta wurgo ta gaba, yarinyar ta faɗo a ƙafafuna. Yayata ma ta kusa fitowa. Na ga hannunta da fuskarta sun shigo haske. Sai tudun ya zauna. Ba rugugi ya yi ba, wani gunji ne mai taushi, kamar an sauke babban buhu, ƙasa ta girgiza a tafin ƙafata.

Daga ƙirji zuwa ƙasa ya danne ta. Idonta a buɗe, bakinta cike da rairayi, ba ta iya ko kuka. Muka faɗa da hannu da kwanoni muna yasa, muna yasa yana dawowa. Masu ban ruwa a garka suka ji ihu suka sheƙo da fartanya. A cikin wannan hargitsi na ɗaga kai na hangi Kaka. Ta rarrafo ta iso gindin tudun, amma can gefe, nesa da mu, inda ba kowa. Tana tona rairayi da yatsu, ɗankwalinta ya faɗi, tana kiran sunan yayata tana cewa ga ni nan, ga ni nan, na kusa. Maza da mata duk sun gan ta. Ba wanda ya ce mata ba nan ba ne. Wani dattijo mai garka ya kau da kai yana share ido da hannun riga.

An fitar da yayata da rai. A amalanken jaki aka kai ta likita, wato asibiti. Ƙugu ya goce, ƙafar dama ta karye wuri biyu. Ta yi watanni a kwance, tsakanin likita da mai ɗori, kuma da ta tashi ba ta ƙara tafiya daidai ba. Ba ta ƙara tsayawa a gindin zobe ba.

'Yan Gidigir ba su zo ba a shekarar. Iyaye maza suka sa aka tuge itatuwan, rabin daɓen nan ya kwana a ruwa damina guda, ciyawa ta fito ta tsagoginsa. Na ɗauka shi ke nan. Amma bayan an yi girbi yayata da kanta, tana dogara bango, ta ce wa Malama ta ba ta usur. Babana bai iya hana ta ba, ba wanda ya iya. Aka mai da itatuwan. Rabin da ya rage ba a daɓe shi ba, haka muka yi shekaru muna wasa, gefe ɗaya tauri gefe ɗaya rairayi, ana canza gefe in an huta don kada a cuci kowa. Daga baya muka je Gidigir, suka zo, har Bune muka taɓa zuwa a bayan motar kaya.

Yanzu a kan siminti ake yi, da riguna iri ɗaya. 'Yata ta biyu tana ciki, kuma har yau yayata ce ke zama a kujera a gefen fili da usur a wuya, yara suna tsoronta. Ba mai daɓe kuma a unguwarmu. Rairayi ya shafe bakin ramin, ko ni ba zan iya nuna muku daidai wurin ba. 'Ya'yana kuwa ba abin da ba sa faɗa mini. Kwanan baya ƙaramar ta ce, “Inna, kin fara riƙe allura nesa da fuska, mu je a duba idonki.” Na ji zafin maganar, wallahi na ji, har na buɗe baki zan ce mata mara kunya. Sai na rufe. Wani lokaci ina kewar irin kunyarmu ta da, wani lokaci kuma in ga yadda yayata ke hawa matakala da ƙyar, kewar ta tafi.

Ranar da tudun ya rufta, Kaka ba ta ci abinci ba, ba ta yi magana da kowa ba. Mu ma ba wanda ya yi mata. Washegari da hantsi gidan ya cika da masu jaje, mata a tsakar gida, maza a zaure. Sai ga ta ta fito daga ɗaki da wata tsohuwar sandar kakanmu marigayi. Ta tsaya a tsakiyar mutane ta ce, “Wace ce a kusa da ni? Ba na ganin kowa.”

Inna ta sunkuyar da kai. Na ce, “Ni ce, Kaka.”

Ta miƙo mini bakin sandar. Ta ce, “Kama nan. Kai ni wajen yarinyar.” Na kama, na nufi ƙofar baya inda lungu yake, don kada a gan mu. Ta ja sandar ta tsai da ni.

Ta ce, “Ba ta nan ba. Ta zaure za mu fita, mu bi ta bakin kasuwa.”

Na juya. Maza suka janye ƙafafunsu suka ba mu hanya, babana ya miƙe tsaye yana duban ƙasa. Na shiga gaba, tana biye, ina gaya mata inda rami yake da inda dutse yake, har muka isa likita.